Babur ɗin da ya cinye batir biyu a Aboabo: ina wutar take zuwa?

Babur ne mai injin 150, silinda ɗaya, mai kabureta, irin waɗanda suka cika titunan Kumasi, wanda mutanen Zango ke kira moto. Mai shi ɗan kasuwa ne mazaunin Aboabo, aikinsa raba kaya a shaguna tsakanin Asawase, Alabar da Kejetia. Shekararsa uku da sayen babur ɗin. Batir ɗin da ya zo da shi ya yi shekara biyu kafin ya gaji, wannan kuwa ba abin ƙorafi ba ne a ƙasa mai zafi. Na biyu wata biyar ya yi. Na uku, irin rufaffen nan da ba a zuba masa ruwa, bai cika wata biyu ba ya fara nuna halin na gabansa.

Ga yadda matsalar take. Da safe in ya danna maɓallin sitata, wani lokaci sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas kawai daga ƙarƙashin kujera. Wani lokaci sitata ta juya injin a kasalance amma ya ƙi tashi. Yana taka kik sau ɗaya sai ya kama. Da rana, bayan ya yi ta yawo, sitata takan yi aiki, ko da yake ba ƙarfi. Safiyar Litinin ta fi kowace rana muni, domin ba ya fita ranar Lahadi. Hon yana kuka, fitila tana kamawa, shi ya sa ya kasa gane inda matsalar take.

Kafin ya kawo shi wurin mai gyaran wayoyi, an riga an canza rilen sitata, wato makunnin da ke kai wa sitata wuta daga batir, an canza rektifaya, wato akwatin da ke daidaita wutar da injin ke samarwa don cajin batir, an canza fulogi sau biyu. Batir na biyu kuma an taɓa kai shi wurin masu caji, suka ɗora shi a cajar batirin mota na rabin awa, suka ƙara masa asid. Abin da ya fara faɗa da isowarsa shi ne: "Masta, wannan batir ɗin ma jabu aka sayar min."

Batirin jabu yana nan a kasuwa, ba musu. Amma batir biyu daga shago biyu su lalace da ciwo iri ɗaya a babur ɗaya, to an bar jaki ana dukan taiki. Bayanin da ya kawo ma da kansa yana nuna hanya. Tashi da kik ɗaya ya wanke fulogi da kabureta da mai. Tsananin safiyar Litinin yana nuna akwai abin da ke shan wuta babur yana ajiye. Rashin ƙarfin sitata ko da rana yana nuna ko dai caji ba ya cika, ko wutar ba ta isa sitata gaba ɗayanta. Zato uku ke nan, kuma dukkansu ana iya tabbatar da su ko a kawar da su da ƙaramar mitar awon wuta, ba tare da an sayi ko noti ɗaya ba.

Awon farko: batir shi kaɗai

Aka kashe makulli, aka bar babur ɗin ya huce na awa ɗaya, domin batirin da aka sauko daga tafiya yanzu yana nuna lamba fiye da gaskiyarsa. Aka juya mita zuwa 20 a ɓangaren da ke da harafin V da miƙaƙƙen layi, aka ɗora jan tsinke a kan ja, baƙi a kan baƙi. Ta nuna bolt 12.0.

Mutane da yawa in suka ga 12 sai su ce lafiya lau, ai batirin bolt 12 ne. Ba haka ba ne. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1, don haka cikakken batir yana tsakanin 12.6 da 12.8. In ya nuna 12.4 ya rage kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 kuwa kusan kwata ne ya saura. In ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan caji, ɗaki ɗaya ya mutu, babu gyara. Da aka danna sitata mita tana haɗe, lambar ta faɗi zuwa 7 da ɗoriya, rile ya shiga ƙas-ƙas ɗinsa.

Wannan ƙarar ba alamar lalacewar rile ba ce. A cikin rile akwai ɗan kwayil da ke jawo ƙarfe ya haɗa manyan wayoyi biyu. Da ya haɗa, sitata ta ja wuta mai yawa, ƙarfin batir ya faɗi, kwayil ɗin ya kasa riƙewa ya saki. Da ya saki, ƙarfin ya dawo, ya sake haɗawa. Haka yake ta yi. Rilen da aka cire aka jefar tun farko mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Ba a yanke wa batir hukunci yana cikin yunwa. Aka cire shi, kan baƙi da farko sannan ja, domin in sifana ta taɓa jikin babur ana kwance jan kai alhali baƙin yana haɗe, tartsatsi ne zai tashi. Ƙarfinsa, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa, 7Ah ne kamar yadda aka rubuta a jikinsa, ƙa'idar caji kuma kashi ɗaya cikin goma ne na wannan lamba, wato amfiya 0.7. Aka bar shi ya kwana a caja, kusan awa goma. Da safe aka cire, aka jira awa biyu: 12.7. Aka mayar da shi aka danna sitata: ya sauka zuwa 10.3 ya tsaya. Batirin da ya riƙe sama da 9.6 a lokacin da sitata ke juyawa yana da sauran aiki. Ashe ba jabu ba ne, horo ya sha.

Sai dai duk da cikakken batir, sitata tana juyawa da nauyi. Nan aka shiga zaton cewa wutar ba ta isa sitata gaba ɗayanta.

Wutar da ke ɓata a hanya

Aka ɗora jan tsinke a kan notin da babbar waya ke shiga jikin sitata, baƙi a ƙarfen jikin sitatar, aka danna. Bolt 8.8. Batir yana ba da 10.3, sitata tana karɓar 8.8. Bolt ɗaya da rabi ya maƙale a wani wuri tsakanin su biyun.

Hanyar gano wurin ita ce a auna kowane yanki na hanyar yayin da sitata ke juyawa, tsinke ɗaya a farkonsa, ɗaya a ƙarshensa. Lambar da mita ta nuna ita ce wutar da yankin ya cinye. Daga jan kan batir zuwa notin sitata, ta cikin rile, aka samu 0.3. Wannan daidai ne, har 0.5 ana yarda da shi. Daga jikin injin zuwa baƙin kan batir aka samu 1.2. Bai kamata ya wuce 0.2 ko 0.3 ba. Wayar at ce, wato baƙar wayar nan mai kauri da ke haɗa batir da ƙarfen babur, wadda duk wutar da ta fita take bi ta dawo.

A ido ba ta nuna komai ba. Notinta a ɗaure yake tam. Da aka kwance, sai ga tsatsa tsakanin kan wayar da ƙarfen, da aka feɗe robar kuma, tagullar ciki ta zama kore kusan faɗin yatsu biyu, wasu zaruruwan sun karye. Ba abin mamaki ba ne ga babur ɗin da ke shiga ruwa duk damina. Wanda ya san Aboabo ya san yadda rafin nan ke cika ya malalo kan hanya in an yi ruwa mai ƙarfi, ga kuma masu wankin babur da ke harba ruwa mai matsi kai tsaye a ƙarƙashin kujera da gefen injin. Ruwa yana bin cikin roba ya zauna, ba ya bushewa da wuri.

A nan ne amsar tambayar mai babur take, cewa me ya sa hon da fitila ke aiki. Sitatar injin irin wannan tana jan amfiya wajen 40, wani lokaci fiye. Asarar bolt 1.2 a amfiya 40 tana nufin turjiyar wurin om 0.03 ce kacal. Babbar fitila mai wat 35 amfiya 3 take ja, a wannan tsatsar asararta ba ta kai bolt 0.1 ba, ba za ta ma ji ba. Saboda wannan dalili ne kuma wanda ya auna wayar da ɓangaren om na mita, ko ya ji ta yi ƙarar nan ta haɗuwa, zai rantse lafiyarta ƙalau. Ƙaramar mita ba ta iya ganin om 0.03. Sai an matsa wa wayar da babban kaya take nuna halinta.

Akwai abin da ya ƙara ta'azzara lamarin. Akwatin CDI na wannan babur, wato wanda ke sa fulogi ya yi tartsatsi, daga batir yake shan wuta. In sitata tana fama ta janye ƙarfin ƙasa, sai tartsatsin fulogi ya yi rauni daidai lokacin da injin ma ke juyawa a hankali. Da kik kuwa babu mai raba masa wutar, shi ya sa yake tashi nan take. Akwai baburan da CDI ɗinsu ke shan wuta daga maganeto, wato ɗan janaretan da ke cikin injin, waɗannan ko an cire batir ɗungurungum suna tashi da kik. Wanda bai san wane iri ne a gabansa ba zai yi ta canza fulogi, kamar yadda aka yi a nan har sau biyu.

Aka jefar da wayar, aka sa sabuwa mai kauri ɗaya da ta asali, da sabon kai da aka matse sosai. Aka goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, aka ɗaure, sannan aka shafa giris a sama. Bayan ɗaurewa ake shafa shi, don ya hana ruwa shiga. Asarar ta sauko zuwa 0.2, sitata ta koma karɓar 9.8, injin ya tashi kafin a ɗage yatsa.

Da yawa a nan za su karɓi kuɗinsu su sallami mutum. Shi ma da ya ji sautin sitata ya fara laluben aljihu. Amma wayar at ta bayyana nauyin sitata ne kawai, ba ta bayyana dalilin da batir ya iso da kwata ba.

Caji: me ke shiga?

Aka ta da injin, mita a kan batir. Yana zaune ba totur: 12.6. Aka ja totur zuwa kusan juyi 5,000 a minti: 13.0. Aka kunna babbar fitila: 12.6. Aka kunna ƙarin fitilu biyu da mai babur ya sa a gaba: 12.3. Babur mai lafiya ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5 in an ja totur. In ya haura 15, rektifaya ta daina tsare wuta, batir zai dahu, ƙwayayen fitila su yi ta ƙonewa. A bolt 13.0 batir ba ya cika, a 12.3 kuwa shi ne ke ciyar da babur daga aljihunsa.

Abubuwa uku ne a layin caji: kwayil ɗin da ke cikin maganeto, rektifaya, da wayoyin da ke tsakani. Aka fara da kwayil. Wayoyin wannan babur tsarin launin Honda suke bi, kamar yawancin na China: ja daga batir, baƙa wutar bayan makulli, kore at, rawaya da ruwan hoda daga kwayil ɗin caji. Na Indiya launukansu daban ne, sai an bi waya da ido ko an duba zanen littafin babur. Aka zare soket, aka auna tsakanin rawaya da ruwan hoda: om 0.6, daidai. Tsakanin kowaccensu da jikin injin babu haɗi, haka ake so a irin wannan tsari. Aka ta da injin soket a zare, aka koma ɓangaren V mai lanƙwasasshen layi a 200: bolt 19 yana zaune, ya haura 50 da aka ja totur. Kwayil ba shi da laifi.

Aka mayar da soket, aka soka tsinkayen mita ta bayan wayoyin ja da kore daf da jikin rektifaya: 14.2. A kan batir a daidai wannan lokaci: 13.0. Rektifaya tana aikinta, wutar ce ba ta isowa. Aka sake yin irin awon ɗazu: bolt 0.8 yana ɓata a soket ɗin rektifaya, 0.4 a gidan fis.

Da aka duba cikin soket ɗin da tocila, robar da ke kewaye da haƙorin jan waya ta yi baƙi ta narke, haƙorin ya saki, yana rawa. Haɗin da ya saki yana zafi, zafin ya sa ƙarfen ya ƙara saki ya yi tsatsa, tsatsar ta ƙara zafi. Asarar bolt 0.8 a amfiya huɗu ta fi wat uku, duk a kan ɗan haƙorin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Wanda ya canza rektifaya a baya ya cusa sabuwa ne a cikin wannan ƙonannen soket. Gidan fis kuwa, ba fis a ciki. An naɗe wurin da zaruruwan tagulla tun wata rana da ya ƙone a hanya, aka manta. Wannan ya fi komai haɗari a babur ɗin, domin da waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ba abin da zai yanke wutar sai wayoyin sun kama, ga tankin mai a samansu.

Aka yanke soket ɗin gaba ɗaya, aka sa sabo da sababbin haƙora, aka matse, aka bi da dalma. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgizar babur, wata biyu ya yi yawa. Aka sa sabon gidan fis da fis mai amfiya 15, irin wanda babur ɗin ya zo da shi. Sakamako: 14.1 da totur ba fitila, 13.8 da babbar fitila.

Tun da an zo kan rektifaya, akwai tarkon da masu sayen kaya a Suame Magazine, babbar unguwar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, da sauran shagunan kayan babur ke faɗawa. Rektifaya mai waya huɗu iri biyu ce, kuma soket ɗinsu yakan yi kama. Ɗaya ta baburan da fitilarsu ke shan wuta kai tsaye daga maganeto ce, waɗanda haskensu ke ƙaruwa da totur, kuma ɗaya gefen kwayil ɗinsu a haɗe yake da jikin injin. Ɗayar ta waɗanda komai ke bi ta batir ce, kamar wannan. In aka musanya su, soket zai shiga, amma caji ba zai yi daidai ba. Akwai kuma mai waya biyar, wadda ƙarin baƙar wayarta ke jin ƙarfin wutar bayan makulli. A wannan irin, in haɗin baƙar wayar ya yi tsatsa, sai rektifaya ta ɗauka batir bai cika ba, ta yi ta tura masa wuta har ya kumbura. A tafi da tsohuwar a hannu, a kuma faɗi sunan babur da girman injinsa.

Ɓarawon dare

Saura zancen safiyar Litinin. Aka kashe makulli aka zare shi. Aka kwance baƙin kan batir, aka mayar da jan tsinken mita ramin amfiya, aka sa mitar a tsakani: tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da aka cire. Ana farawa daga 10A, in an ga lambar ƙarama ce sai a sauko zuwa 200m, ɓangaren miliyamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Kada a kuskura a danna sitata ko a kunna makulli a wannan hali, fis ɗin cikin mita zai tafi nan take.

Ta nuna miliyamfiya 38. Babur irin wannan, in ba a ƙara masa komai ba, bai kamata ya kai miliyamfiya ɗaya ba.

A kan jan kan batir akwai siraran wayoyi biyu da ba na kamfani ba. Aka cire ta farko, lambar ta sauko zuwa 10. Wannan ta cajar wayar hannu ce da aka ɗaura a kan hannun babur, irin mai ɗan gilashi da ke nuna lamba dare da rana. Miliyamfiya 28 take sha ko ba a sa mata waya ba. Aka cire ta biyu, ya rage ƙasa da ɗaya. Ta na'urar bin sawun babur ce da ya sa saboda ɓarayi, tana shan 9.

Lissafin ba shi da wuya. Miliyamfiya 38 sau awa 24 ya ba da kusan 0.9Ah a rana. Batir mai 7Ah, ko da a cike yake fal, kwana huɗu sun isa su kai shi rabi. Wannan kuwa bai taɓa cika ba saboda ƙonannen soket. Daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin awa 36 ne, wato kusan 1.4Ah daga tulun da dama ba a cika shi ba.

Mai babur ya ɗauka yawan kashewa da kunnawa a ƙofar shaguna ne ke cinye masa batir. Yana da hannu, amma bai kai yadda ake zato ba. Amfiya 40 na daƙiƙa uku kusan 0.03Ah ne kawai. Sau ashirin a rana bai kai abin da cajar wayar da na'urar suke sha a kwana ɗaya ba. Abin da ya fi cutar da shi a gajerun tafiye-tafiyen nan shi ne cunkoso: daga Aboabo zuwa Kejetia 'yan kilomitoci ne, rabin hanyar kuma injin yana zaune ne ana taka birki, ba ya juyin da maganeto zai ba da wutar kirki.

Aka mayar da cajar wayar kan baƙar wayar bayan makulli, aka sa mata nata ɗan fis mai amfiya 3. Na'urar bin sawu dole ta zauna a kan batir, in ba haka ba ba ta da amfani. Miliyamfiya 10 a rana 0.24Ah ne, sai an yi kusan mako biyu ba a ta da babur ba kafin batir ya kai rabi. Ga mai fita kullum ba matsala. In zai yi tafiya mai tsawo, sai ya sa a riƙa ɗora batirin a ƙaramar caja duk bayan kwana goma.

Abin da ya kashe batir na biyu

Batirin dalma da asid ba ya son zama da yunwa. Duk lokacin da ya ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan cikinsa, caji kuma yana narkar da shi. In aka bar shi rabi-rabi na makonni, gishirin yana taurara, caji ba ya iya mayar da shi, wurin ajiyar wuta ya ragu. Irin wannan batir yana cika da sauri a caja, yana ƙarewa da sauri a babur. Na biyu haka ya fara. Sai aka ɗora shi a cajar mota mai tura amfiya goma ko fiye, ninkin abin da yake iya ɗauka fiye da sau goma. Ya yi zafi, ruwansa ya ragu, farantan suka lanƙwashe. Aka zo aka ƙara asid. Abin da ke fita daga batir da zafi ruwa ne, asid ɗin yana nan, ƙara masa wani yana sa ya yi kaifi ya cinye farantan. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, zuwa layin sama da aka zana a jikinsa. Ruwan leda da na famfo da na rijiya duk suna da gishirin ƙasa da ke ɓata shi. A kuma yi caji a sarari nesa da sigari da wutar walda, domin iskar da ke fita daga batir tana kamawa.

Farin garin da ke taruwa a kawunan batir ana wanke shi da ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki, yana kashe kaifin asid. A dai kula kada ya shiga cikin ɗakunan. Mataccen batir kuma a kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa da ruwansa a ciki, kada a juye shi a kwata.

Da a ce na ukun ma ya mutu, to wajen sayen sabo a tafi da mita. Rufaffen batir ya nuna aƙalla 12.5 a shago, wanda ya nuna ƙasa da haka ya daɗe a kan kanta. In irin wanda ke zuwa da robar asid ɗinsa daban ne, a zuba, a bar shi aƙalla rabin awa ya jiƙa, a yi masa caji a hankali kafin a ɗaura. Wanda aka zuba aka ɗaura aka danna sitata nan take ba ya kai ga cikakken ƙarfinsa. Lambar jikinsa ma a duba: 12N7-3B da 12N7-4A duk 7Ah ne, amma gefen da jan kai yake ya bambanta, waya ba za ta kai ba.

Da alamun sun zo da wata fuska

Da an danna maɓalli an ji shiru, ko ƙas babu, da an fara da fis, da makunnin kashe inji na hannun dama, da ɗan makunnin kuloci ko na firi, sannan maɓallin da kansa, wanda ƙura ke cikawa lokacin hunturu. Kwayil ɗin cikin rile yakan nuna om 3 zuwa 5. Da ƙas ɗaya mai ƙarfi aka ji, batir a cike, wuta tana isa notin sitata amma ba ta juya ba, to buroshin cikinta sun cinye, sau da yawa in an ɗan buga jikinta takan tashi sau ɗaya ko biyu. Da sitata tana gudu fiii injin bai motsa ba, matsalar tana kulocin sitata da ke bayan maganeto, ba ruwan wuta. Da kuma injin yana juyawa da ƙarfi ya ƙi kamawa ko da kik, sai a koma kan tartsatsi da mai: tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7, hular fulogi, famfon tanki, ruwa a ƙasan kabureta. A kowane hali kada a riƙe maɓallin sitata fiye da daƙiƙa biyar, a huta goma kafin a sake. In za a ja wuta daga batirin mota, injin motar ya kasance a kashe.

Bayan mako biyu

Aka nemi ya dawo da safiyar Litinin, ya turo babur ɗin ko ya kira kafin ya ta da shi, don a ga batirin a mafi munin lokacinsa. Ya nuna 12.6. Da sitata ya sauka 10.4. Caji 14.1. Aka taɓa sabon soket bayan tafiya, ɗumi kawai, ba zafi.

Abu ɗaya ya rage ba a warware ba, fitilun nan biyu na ƙari. Kowacce wat 18 ce, su biyun amfiya 3 suke ja, daidai da wata babbar fitila. Da totur, duk fitilu a kunne, batir yana samun 13.1, da ƙyar yake ƙaruwa. Injin yana zaune kuwa 12.3 ne, yana raguwa. Maganeton bai da ƙarfin ɗaukar wannan kaya, kuma sa batir mai 9Ah ba zai canza hakan ba, zai dai jinkirta ranar ƙarewarsa. An ba shi shawarar ya cire su ko ya sauya da masu ƙarancin wat. Ya ce yana bukatarsu saboda ramukan hanya in ya dawo da dare. Aka raba musu makunni nasu daban ta bayan makulli, da sharaɗin ya kashe su duk lokacin da ya shiga cunkoso, ya kuma kawo babur ɗin a ƙarshen damina a kwance wayar at a sake dubawa.